Ranar da Baba Tanko Ya Zo Ɗaukar Asabe

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in ajiye, don karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya laifin da ba nasu ba. Amma shekaru sun ja, idona ya fara rauni, kuma babu sauran wanda ya san maganar sai ni.

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da aka sa ni makaranta. Na dawo gidanmu a Tudun Wadan Zariya, sai na tarar da jakin Baba Tanko majemi ɗaure a gindin ceɗiyar ƙofar gida, ba a ko sauke masa kaya ba. Baba Tanko yana tsaye cikin zaure. Bai zauna a buzun da aka shimfiɗa masa ba, ruwan da aka kawo masa kuma yana ƙasa bai taɓa ba. Idonsa na kan wani tarin jajayen fatu da ke lungu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, amma bai shafa kaina yadda ya saba ba.

Bari in koma baya kaɗan. A zamanin nan mota ba ta yi yawa ba. Jirgin ƙasa ke kawo ta daga Ikko, wato Legas, inji da ƙafafu da sitiyari kawai, sauran jikin a nan ake gina shi. Akwai wani kafinta mutumin kudu a Sabon Gari, muna ce masa Maigida, shi ke gina wa manya jikin mota, hakimai da attajirai da Turawan kamfani. Ba ya taɓa motar kaya. Mahaifina, Malam Sule, shi ne mai sayo masa kayan aiki. Bai iya riƙe zarto ba, amma ya san inda kowane abu yake. Katakon maɗaci daga masu zarto na kudancin lardi yake samo shi, ƙarafa daga maƙeran birni, audugar rimi ta cushen kujera daga matan ƙauye, jar fatar akuya ta rufe kujerun kuwa daga Baba Tanko, can hayin kogin Galma. Yakan ɗaga fata ya duba ta a rana, ya ninke ta ya ga ko za ta tsage, ya sansana ta. Yakan ce, "Mota ba ta fi mutanen da suka kawo kayanta ba."

Babu takarda tsakaninsa da mutanen nan, zumunci ne ya ɗaure su. Yana zuwa sunansu da jana'izarsu, suna kwana a zaurenmu. Amma na Baba Tanko ya fi na kowa ƙarfi. Bayan haihuwata, duk ɗan da Inna ta haifa komawa yake yi. Da Baba Tanko ya ga haka, sai ya kawo 'yarsa Asabe, ana yaye ta, ya ce wa Inna, "Ga ɗiya, ki riƙe." Ni na goya ta, ni nake yawo da ita tana riƙe da yatsana. Sai da na yi wayo sosai na san ba cikinmu ɗaya ba.

Aikinmu ni da ita shi ne tsince 'ya'yan rimi daga audugar da ake jibgewa a tsakar gida. Audugar takan tashi ta maƙale mana a gashi da hanci, mu yi ta atishawa, Inna na faɗa daga madafa. Asabe takan manna ta a haɓarta ta yi gemu, ta turo ciki tana kwaikwayon Hausar Maigida, har Inna ta manta da faɗan. Da guntayen fata nake yi wa 'yartsanarta takalmi. In na dawo makaranta tana ƙofa tana jirana, in zana mata baƙaƙen da aka koya mana a ƙasa, ta share da ƙafa ta ce nata sun fi kyau.

A daminar nan kurkunu ya kama Baba Tanko a ƙafa biyu, 'ya'yansa maza kuma suna gona. Fata ba ta zo ba. Motar wani hakimi ta tsaya ba a gama ta ba, kujerunta tsirara, manzonsa kullum yana ƙofar Maigida. Ran Maigida ya ɓaci, ya ce daga yau kowane kaya a samo shi daga hannu biyu, rabi nan rabi can, in ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye. Mahaifina ya roƙe shi ya cire fata daga dokar, Maigida ya ce in ba zai iya ba a nemi wani mai sayayya. Haka mahaifina ya sayo fatu wurin wani majemi Bakano. Na ji shi yana gaya wa Inna zai je da kansa ya yi wa Baba Tanko bayani da zarar Galma ta janye. Baba Tanko ya riga shi, yana ɗingishi, da fatun da ya jeme a zaune.

Ina nan tsugune mahaifina ya shigo. Baba Tanko ya nuna lungu ya ce, "Malam Sule, waɗannan na wane ne?"

Mahaifina ya ce, "Zauna ka sha ruwa, Tanko. Rabi ne kawai, rabinka na nan yana jiranka."

Baba Tanko ya ce, "Rabi. Ni da na ba ka ɗiya, rabinta na ba ka?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Baba Tanko ya juyo gare ni ya ce, a hankali, "Je ka kira mini Asabe."

Inna ta ɗaure mata kayanta a zane, ba ta yi kuka a gabanta ba. Asabe ta ɗauka ziyara za ta. Aka ɗora ta kan fatun da suka zo suka koma ba a kwance su ba, ta ce, "Yaya, ka zo jibi ka ɗauke ni." Na ce to.

Mahaifina ya tura dattawa, daga baya ya je da kansa da goro. Baba Tanko ya karɓe shi, ya ba shi tuwo, amma ya ce babu sauran fata tsakaninsu, Asabe kuma tana wurin gwaggonta. Da rani muka ji sun tashi daga garin gaba ɗaya. Wasu suka ce Bauchi suka nufa, wasu suka ce wajen haƙar kuza a Jos. Motar Maigida ba ta sake jiran kaya ba. Mahaifina ya ci gaba da aikinsa har tsufa, amma zaurenmu ya daina cika da baƙi, Inna kuma ba ta sake yarda an jibge mata rimi a tsakar gida ba.

Na yi ta auna maganar nan har yau ban samu mai laifi ba. Maigida yana da hujja, mahaifina yana da iyalin ciyarwa, Baba Tanko kuwa ya ba da abin da ya fi fata. Jikana yana ofishin sayayya a wani kamfanin haɗa motoci. Ya ce dokar hannu biyu ita ce daidai, kuma yanzu in za a bar mai kawo kaya, wasiƙa ake rubuta masa, ba wanda ya san ko yana da 'ya'ya. Ban musa masa ba. Wataƙila hakan ya fi sauƙi ga yara.

Don haka ina roƙon masu karatu, musamman zuriyar majema na Bauchi da Jos. Duk wanda ya san wata Asabe 'yar Tanko majemi, mai wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, wadda aka riƙe a Tudun Wadan Zariya tana ƙarama, don Allah ya aiko ta hannun edita. In tana raye, a gaya mata yayanta yana nan. In ta rasu, a faɗa mini kawai, in san irin addu'ar da zan riƙa yi mata.