Ranar da Na Cire "Wai" Daga Bakina

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni ma'aikacin gwamnati ne, jami'in wayar da kan jama'a, magidanci mai mata da 'ya'ya. Ina zaune a cikin garin Gaya, ina kuma ɗan taɓa noma a gonarmu ta gado da ke Balan. Aikina ba mai wuyar ganewa ba ne. A ɗaura lasifika a kan wata tsohuwar mota, mu bi kasuwanni da ƙauyukan Gaya da Ajingi, in faɗa wa mutane abin da hukuma take so su ji: rigakafin yara, rajistar zaɓe, rabon taki, gargaɗin ambaliya. Ba ni da babbar kujera, albashin ma ba ya kai ni ƙarshen wata, amma ina da murya, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da ita. In na yi gyaran murya a kasuwar Ajingi, har masu awon gero sukan tsaya da kwano a hannu.

Akwai wata ɗabi'a da na ɗauka tun farkon aikina. Ba wanda ya koya mini, gudun jin kunya ne ya sa ni. Duk sanarwar da aka ba ni, in na ga abin da idona, sai in faɗe ta kai tsaye. In kuwa a baki kawai aka ba ni, sai in saƙala mata "wai" a gaba. Wai taki zai iso mako mai zuwa. Wai za a gyara hanyar nan kafin damina. Mutanenmu ba wawaye ba ne, nan da nan suka gane karatun. In suka ji wai, sai su yi murmushi su ci gaba da cinikinsu. In ba su ji ba, sai ka ga an ajiye kwando an nufi inda na ce. Hukuma ta ga an isar da saƙonta, jama'a sun san inda gaskiya take, ni kuma na koma gida da mutuncina. Har ga Allah a lokacin gani nake duk ofishinmu babu mai dabarata.

Wadda ta fara kirana Malam Wai 'yar kawuna ce, taubashiyata, wadda muka tashi tare muna tsokanar juna. Sunan kuwa ya bi ni har cikin ofis. Aure ya kai ta ƙasar da ke arewa da mu, wurin wani mai fataucin dabbobi, ta yi shekaru a can har ta tara iyali. Duk sanda ta bugo waya, kafin gaisuwa sai ta tambaye ni ko yau da wai na tashi ko da gaskiya. Mahaifinta, wato Kawu, wan mahaifiyata ne, yana zaune a Gafasa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta. Tsoho ne da ba ya sauraren labarai. In an tambaye shi dalili sai ya ce me zai yi da rediyo alhali ya raini tasa da hannunsa, yana nufin ni.

Ana nan sai sojoji suka karɓe mulki a waccan ƙasar, gwamnatinmu ta sa zare da su. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, har aka fara zancen yaƙi. Mu ba a bakin iyaka muke ba, amma da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da yake da ɗan'uwa a can ba. Kasuwar dabbobi ta yi sanyi, kaya suka yi tsada, ran mutane ya ɓaci. Ni kaina ban ga hikimar abin ba. Manya ne suka saɓa a tsakaninsu, amma mai ɗan shago da mai jinya su ne suka ji a jikinsu. Sai dai na yi shiru, na ce wannan ba hurumina ba ne, ni ɗan aike ne.

Wata safiya ogan sashenmu ya zo daga Kano ya tara mu. Bayan an tashi ya ce in tsaya. Ya kira ni da sunan nan na tsokana yana dariya, ya ce labarin waina ya iso musu, kuma sun daɗe suna kawar da kai, amma wannan karon ba wasa, gwamnati ba ta magana da wai. Saƙon shi ne an kammala sulhu, za a buɗe iyaka kafin kasuwa ta sake zagayowa, don haka kada kowa ya bi ɓarauniyar hanya, wanda duk aka kama za a ɗauke shi ɗan fasa-ƙwauri. Na tambaye shi ko maganar ta tabbata. Ya ce daga sama ta zo, ya kuma tambaye ni ko na fi waɗanda suka zauna a teburin sani. Daga nan ya sassauta murya ya ce ni aka zaɓa saboda duk yankin nan ba wanda ake yarda da bakinsa kamar ni. Wannan yabon shi ya kwantar da ni. Zuciyata ba ta natsu da maganar ba, amma kaina ya riga ya kumbura.

A daidai wannan lokaci taubashiyata tana kwance. Mijinta ya bugo ya ce ƙafafunta sun kumbura, asibitin garinsu ba wuta, maganin da aka rubuta mata ya yi wuyar samu, kuma ba ta da magana sai ta mahaifinta. Kawu ya riga ya shirya. Ya yi magana da masu babur da suke ratsa daji da mutane, ya ɗaure jakarsa da garin kunu da man shanu da ɗan maganin da ya samo mata. Ranar kasuwar Ajingi ya fito don ya hau motar da za ta kai shi inda zai same su. A ranar ni ma na shigo da lasifikata. Na yi sallama, na yi gyaran murya, na faɗi saƙon tiryan-tiryan, babu wai ko ɗaya. Na ga yadda kasuwa ta yi tsit, sannan aka ɗauki hamdala. Har wani mahauci ya ɗaga mini wuƙarsa yana jinjina.

Ina sauke makirfo sai ga Kawu ya dafa ƙofar mota, jakarsa a kafaɗa. Ya ce ba ma'aikacin gwamnati yake tambaya ba, ɗan ƙanwarsa yake tambaya, shin maganar nan haka take? Ina iya cewa ban sani ba. Ina iya raɗa masa wai a kunne, ba wanda zai ji. Amma mutane sun kewaye mu suna saurare, ni kuma ina jin nauyin in warware abin da na gama ɗaurawa yanzun nan. Na ce masa haka take. Har na ƙara da nawa, na ce ina dalilin da tsoho kamarsa zai sha jijjigar babur a daji, ga jami'an tsaro, alhali nan da 'yan kwanaki zai shiga mota ya tafi da mutuncinsa. Ya dube ni ya ce to shi ke nan, tunda ni na faɗa. Ya juya ya hau motar Gafasa da jakarsa.

Kasuwa ta zagayo, iyaka tana rufe. Ta sake zagayowa, shiru. A ofis aka ce in ci gaba da maimaitawa, na maimaita, amma na lura masu awo sun daina tsayawa. Kawu bai taɓa tambayata ba. Duk sanda na je Gafasa sai in ga jakar nan a rataye a zaure, ba a kwance ta ba. Taubashiyata ta kira ni sau ɗaya a cikin kwanakin. Muryarta ta dusashe, amma tsokanar tana nan. Ta ce ta ji labarin Malam Wai ya tuba ya daina wai, don haka ta sa an share wa babanta ɗaki, in gaya masa tana jira. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce mata yana nan tafe. Kafin Kawu ya gaji da jira ya koma neman masu babur, an ƙara tsaro a hanyoyin daji, ruwa kuma ya cika kwari, sun ce sai an ɗan saurara. Suna cikin sauraren ne mijinta ya bugo ya ce Allah ya yi mata rasuwa.

A can aka binne ta, babu ko mutum ɗaya daga danginta. Muka yi zaman makoki a Gafasa. Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na durƙusa yi wa Kawu gaisuwa, ya ce kwananta ne ya ƙare, ko yana kusa ba zai ƙara mata numfashi ɗaya ba. Na san gaskiya ya faɗa, rai na Allah ne. Ban kashe ta ba. Amma ganin da uba zai yi wa 'yarsa, da ganin da ta kwanta tana jira, wannan ni na hana, da bakina.

Bayan an share makoki na tafi Kano na sami oga. Na tambaye shi wa ya ba shi ranar buɗe iyakar nan. Ya yi mini ta'aziyya sosai, don ba mugun mutum ba ne, sannan ya ce ai ba wanda ya ba da wata rana. Shi ma a waya aka ce a kwantar wa jama'a da hankali, a hana su bin daji, kowa kuma ya san haka aikin yake. Yana gama faɗa sai ya ba ni sabon saƙo, cewa rufe iyakar bai shafi talaka ba, abinci da magani suna wucewa ba tsaiko. Na ce masa daga gidan makokin wadda ta rasa magani na fito. Na ce ban yarda da a rufe ƙofa tsakanin 'yan'uwa saboda rigimar shugabanni ba, na yi shiru a kan wannan da daɗewa, amma ba zan ƙara ara wa abin muryata ba. A teburinsa na rubuta takardar ajiye aiki. Ya ɗauka ƙarin girma nake nema, har ya ce in je in huce za a duba maganata.

A gida ba wanda ya tafa mini. Matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole, kuma ban ga laifinta ba, ita ta san abin da ke cikin tukunya. Yayyena suka ce ko dai an yi mini asiri ne, don ba su taɓa jin wanda ya bar aikin gwamnati da ƙafarsa ba. Abin da ya fi ba ni dariya da takaici shi ne yadda ofis ya bayar da labarin. Aka ce na sauka ne saboda rashin lafiya. Sai ga mutane suna sallama da ledar lemo da ayaba, sun zo dubiya. In zaunar da su in ce lafiyata ƙalau, ni na ajiye saboda kaza da kaza. Su gyaɗa kai su yi mini addu'ar samun sauƙi. Suna fita sai in jiyo su a ƙofar gida suna cewa wai shi ya ajiye. Kalmar da na yar a kasuwa ita aka tsinto aka liƙa mini.

Wanda ya gaje ni ya sha wahalar da ba shi ya jawo ba. Da ya fita gargaɗin ambaliya, gargaɗi na gaskiya, mutane suka ce ai motar nan ce dai da ta ce za a buɗe iyaka, ba wanda ya kwashe amfaninsa daga fadama, aka kuwa yi asara. Daga baya an buɗe iyakar, manyan suka gaisa aka ɗauke su hoto. Kawu ya je ya ga kabari ya ga jikokinsa ya dawo. Ni kuma na koma gonar Balan gaba ɗaya, ina kai gyaɗa kasuwar Ajingi kamar kowa.

Abin da na koya shi ne, hukuma ba ta da fuskar da za ta ji kunya, fuskarka take ara. In ƙarya ta fito, ba wanda zai je neman wanda ya bugo waya daga sama, kai da ka buɗe baki a gaban mutanenka za a tuna. Ajiye aikin da na yi bai buɗe iyaka ba, bai dawo da kowa ba, kuma na yi shi a makare. Don haka ina kira ga duk wanda aka ba makirfo, ko a rediyo yake, ko a ofis, ko a wayarsa yake yaɗa saƙon manya: abin da ba ka tabbatar ba, ka ce ba ka tabbatar ba, ko da kujerarka za ta tafi. Akwai wanda zai ajiye jakarsa saboda kai ka faɗa. Kawu har yau bai canza mini fuska ba, yana sa mini albarka kamar da. Amma kwanan baya a kasuwar Ajingi na same shi zaune a rumfa, na ce masa motar Gafasa ta cika ta tashi, da idona na gani, gara ya ci gaba da zamansa ya jira ta gaba. Ya yi mini godiya, ya ce Allah ya yi mini albarka. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya nufi tasha a cikin zafin ranar nan don ya gani da kansa.