Bencin Baya

Baba Kafinta ya shekara talatin yana dattijon ikilisiya, kuma duk wani benci da ke majami'arsu daga hannunsa ya fito. Mutum ne mai amana, ba ya cin katakon kowa, sai dai akwai shi da kafiya. Da an taɓo maganar zubar da ciki zai ajiye zarto, ya goge hannu a riga. Ayoyin Littafi Mai Tsarki duk a kansa suke. Yakan ce Allah ya san mutum tun uwarsa ba ta san tana ɗauke da shi ba, kuma abin da ke motsi a ciki rai ne, ba gudan jini ba. Fasto kansa yakan bar masa fage. Ni dai ban taɓa jin wanda ya kayar da shi ba.

A ikilisiyarsu, budurwar da ta yi ciki ana sa ta horo: wata shida a bencin baya, kusa da ƙofa, ba waƙa, ba cin jibin Ubangiji. Wannan bencin ma shi ya haɗa, kuma da gangan ya ƙi sa masa majingina, wai kada a ji daɗin zama. Shi ne kuma mai karanta sunan yarinya a gaban jama'a.

Autarsa tana cikin mawaƙan majami'a. Wata shekara ta daina zuwa koyon waƙa, ta je gidan innarta ta yi mako guda, ta dawo a rame. Ya ce zazzaɓi ne, ya sayo mata magani. Ba a jima ba ta tafi wani gari koyon ɗinki, zuwanta gida ya koma sau ɗaya a shekara. Ya yi ta mita, wai 'ya'yan zamani ba su san zumunci ba.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya matarsa ta same shi a shago da rana tsaka, yana goge ƙofar wani, ta faɗa masa. Ciki ne Auta ta zubar a wancan makon da ta yi a gidan innarta.

Washegari ya hau mota. Ya tarar da Auta a kan keken ɗinki, tsumma ko'ina a ƙasa. Duk hanya yana jera abin da zai faɗa, amma da ta ɗago kai sai komai ya gudu.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Baba, ni ma ina son ɗan nan. Duk abin da kake faɗa na yarda da shi, har yau. Amma da bakinka za ka kira sunana. Na kasa."

Ya so ya ce da bai kira ba. Amma bai saba ƙarya ba. Ya san da ya kira, da murya mai ƙarfi ma, don kada a ce ya yi son kai. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya nemi kujerar masu kawo ɗinki ya zauna.

Can ya ce, "Namiji ne ko mace?"

"Ba su faɗa mini ba, Baba. Ni ma ban iya tambaya ba."