Garin da aka rufe yayana

Shekarun baya can, yayana ya rasu a ƙasar Finlanda, inda ya tafi karatun aikin gandun daji ya yi aure. Ba mu ga gawarsa ba. Matarsa, 'yar ƙasar, ta shaida mani da Faransanci cewa Musulmin wurin sun yi mashi sallah, an rufe shi a garinsu, Saarijärvi. Innarmu ta riƙe sunan da bakinta: Sariyarbi.

Bayan sadakar bakwai, surukarsa ta aiko da gaisuwar murya a waya, da harshensu. Inna ba ta jin ko kalma, amma kullum sai ta sa in kunna mata. Wata rana bayan la'asar ta riƙe hannuna.

"Maido baya. Ka ji? Sariyarbelle. Can kuma ta ce Sariyarbella, ta ce Sariyarbelta. Gari uku ke nan. Ina suka kai mani ɗa?"

Ni da ake kira ɗan bokon gida, sai na tsaya ina susar ƙeya. Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Gani take ana yawo da gawar, ko ana ɓoye mata wani abu.

Da ƙyar na iya kiran matarsa na tambaye ta. Sai na ji tana kuka. Ta ce gari ɗaya ne. Su a harshensu ba su da "a" ko "daga" ko "zuwa" gaban suna, a wutsiyarsa suke liƙa su: "-lle" shi ne "zuwa", "-lla" shi ne "a", "-lta" kuma "daga". Mahaifiyarta cewa ta yi ya zo Sariyarbi baƙo, ya zauna a Sariyarbi kamar ɗanta, kuma ba mai ɗauke shi daga Sariyarbi.

Na fassara wa Inna. Ta ce in tambayi ma'anar sunan. Matar ta ce "saari" tsibiri ne, "järvi" kuma tabki.

Sai Inna ta ce:

"Ashe bakin tabki ya kwanta, kamar nan Madarumfa. Allah Ya jiƙan shi. Ce mata na gode, ta riƙa kai mashi ziyara."

Da magariba ta sha fura.

Yanzu Inna ma ta bi shi. Har yau ban iya harshen nan ba, kuma ban taɓa zuwa ba. Amma in na zo yi ma yayana addu'a, na san inda yake, har na iya faɗinsa daidai: Sariyarbella.