Ranar da Malam Ya Tsallake Saniyata a Kwata

A lokacin ni mahauci ne a Anacha. Turawa ba su gama tafiya ba, gadar kogin ma ba a gina ta ba. Ban yi boko ba, ban kuma yi nisa a allo ba. Ina da teburina a babbar kasuwa, da shi nake ci da iyalina. Unguwar Hausawa kuwa gida ɗaya ke riƙe da ita tun kakanninsu. Sarkin Hausawa nasu ne, liman nasu ne, malamin da ke yanka mana dabbobi a kwata shi ma nasu ne. Naman da bai bi ta wuƙarsa ba, Musulmi ba ya saye.

Da aka ce unguwarmu za ta zaɓi kansila, sai gidan ya rabu. Ƙanen sarki ya tsaya, ɗan 'yar'uwarsu ma ya tsaya. Saurayin ya zo har teburina, ya kira ni yaya, ya ce zai sa a ja mana famfo zuwa kwata. Na yarda da shi. Dattawan gidan kuma suka tara mu, suka ce kada kowa ya jefa ƙuri'arsa a akwati, a ɓoye ta a hula a fito da ita, mutuminsu zai shiga ya zuba wa ƙanen sarki. Na shiga, na jefa wa saurayin, na fito. A bakin ƙofa wani dattijo ya miƙo hannu. Na ce ta faɗi. Ya ce in cire hula. Na cire. Ya daɗe yana kallona.

Ƙanen sarki ya ci. Da na koma kwata na kayar da saniyata na ɗaure, malam ya yanka ta dama, ya tsallake tawa, ya yanka ta hagu. Na rusuna na ce masa ga tawa. Ya ce wuƙarsa ta dakushe, ya wuce ya yanka ta gaba. Rana ta ɗaga, saniya na nishi, 'yan'uwana mahauta na ta fiɗa, ba wanda ya ɗago kai. Na yi bisimilla na yanka da kaina. Kafin naman ya isa kasuwa, labari ya riga shi, wai mushe nake sayarwa. Masu tuwo suka daina zuwa, masu tsire suka bi bayansu. Na tafi neman saurayin. Na same shi a zauren kawunsa ƙanen sarki, hannunsu cikin akushi ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, maganar gida ce, an riga an sasanta. Ya ce bisimilla, in matso in ci. Ban matsa ba.

Na sayar da wuƙaƙena, na koma dako a bakin ruwa har bayana ya ranƙwafe. Ƙuri'ar ba ta taɓa damuna ba, tawa ce. Abin da ke cina shi ne na ɗauka don suna faɗa sun rabu. Duk wanda ya ga 'yan gida ɗaya na neman kujera ɗaya, ya fara duba a hannun wa abincinsa yake. Su za su shirya kafin sallar magariba. Kai ba wanda zai tuna ya shirya da kai.