Mai Tsaron Bayanmu a Ƙwallon 'Yan Ostireliya

Ƙwallon 'yan Ostireliya kamar ƙwai take, idan ta faɗi ƙasa ita ke zaɓen inda za ta nufa. Na fara ganinta ne a wata masana'antar tagogi a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin garinmu, lokacin ina saurayi, ina tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Injiniyanmu mutumin Ostireliya ne, gajere, kullum wuyansa a ƙone da rana. Shi da 'yan ƙasarsu da ke wani kamfanin na'urar sanyaya ɗaki suna kewar wasansu, amma ko sun haɗu duka ba su isa a raba biyu ba. Sai kowane kamfani ya cike gurbi da ma'aikatansa. Ba a tilasta wa kowa ba. Injiniya dai ya tsaya a ƙofar sito ya ce wanda ke so ya zo, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kuma dukkanmu muka ga ashe muna so.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a wani fili mai tsakuwa a bayan sito. An kafa bututun ruwa huɗu a kowane gefe, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefensu. Ka buga ta wuce tsakanin dogayen, maki shida. Ka kuskure ta bi ta gefe, maki ɗaya. Wannan ya yi mini daɗi, don ban taɓa ganin wasan da ake saka wa mutum saboda ya kusa ci ba.

Ni haihuwar unguwar Sharafiyya ne, a lungu na koyi ƙwallo, ga gudu ga baki, don haka gaba aka sa ni. Baya kuwa aka tura wanda aka rasa yadda za a yi da shi. Wani ɗan dako ne mutumin Nijar, ya haura arba'in, ya zo umra ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Yaya muke ce masa. Ba ya yawan magana, kuma kowane Bature ya gani "mushe" yake ce masa, yadda suke kiran mai gida a can wajensu.

A ɗaya ɓangaren akwai wani dogon Bature, shugaban masu gyara na kamfaninsu, wanda aka ce ya yi wasan sosai a ƙasarsu. A wannan wasa, in ka cafke ƙwallo a sama, sai kowa ya ja baya a bar ka ka buga a natse. Shi kuma dogon nan ta saman kawunan mutane yake cafkewa.

Injiniya ya kira ni in yi wa Yaya tafinta. Na ce, "Yaya, ka ga dogon can? An ce duk inda ya je ka je. In ƙwallo ta zo kada ka kama, naushe ta kawai ta yi nisa."

Ya ce, "Shi ke nan aikin?"

"Halas, shi ke nan."

"To ai ya fi lodin gilashi sauƙi."

Ya riƙe umarnin yadda aka ba shi. Da aka tafi hutu dogon ya nufi tulun ruwa, Yaya ya bi shi ya tsaya a kafaɗarsa har ya gama sha. A ranar farko dogon ya ci kamar huɗu. Mako na gaba biyu. Daga nan sai ya zama in ya yi tsalle akwai wani dunƙulallen hannu da ya riga shi, in ya juya dama akwai ƙirji, in ya juya hagu ƙirjin nan ne dai. Yaya bai taɓa buga ƙwallon da ƙafa ba, sau ɗaya da ta faɗo masa a hannu ma miƙa wa na kusa ya yi kamar an ba shi ajiyar da ba ya so. Kullum gwiwar hannunsa a kuje, rigarsa a jiƙe, kuma ba wanda ya taɓa tafa masa, domin idan ya yi aikinsa daidai babu abin da ke faruwa.

Ni kuwa ina gaba ina jiran a kawo mini. Nakan ci biyu ko uku, wani lokaci da ƙauri ma ba da niyya ba, a zo a ɗaga ni sama. Da zafi ya fara shigowa aka rufe wasa, injiniya ya sayo kofi a kasuwa ya ba gwarzon shekara, wato ni. Yaya ya samu kwalin lemo irin wanda aka ba kowa. Na ɗan ji kunya na ce, "Ma'alesh Yaya, yi haƙuri, baɗi naka ne in sha Allah."

Ya dubi kofin ya ce, "Me zan zuba a ciki?"

Mutum ɗaya ne ya san darajarsa, shi ne wanda ya sha wuyarsa. Wata safiya sai ga dogon Baturen a sitonmu, ya roƙe ni in yi masa tafinta. Ya ce suna neman mai gadin ƙofa, akwai ɗaki mai sanyi, kuma kafilinsu, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙin ma'aikata, zai duba maganar takardu. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tambayi mushe, a zaune ake aikin?" Aka ce akwai kujera. Ya ce zai je ya nemi izinin mai gidansa.

Injiniya bai ja ba. Ya ce ɗan dako ba ya wuyar samu. Da ya tuna da wasa ya tambaye ni ko za mu yi asara, na ba shi shawara irin ta gwarzo: "Ai bai taɓa ci ko ɗaya ba."

Da sanyi ya dawo muka koma fili. Ina tsaye a gaba ina miƙa ƙafa sai na ji numfashi a ƙeyata. Na juya, Yaya ne, sanye da rigar ɗaya kamfanin, ya ɗan yi ƙiba.

"Ƙanena, ya gida? Ya Hajiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ba can ya kamata ka tsaya ba?"

"An ce duk inda ka je in je."

Ranar ban taɓa ƙwallo ba. Na yi gudu, na yi zilliya irin ta lungu, na yi kamar zan ɗaure takalmi in zabura, duk a banza. Sau ɗaya na tashi sama, har yatsuna sun kusa jin fatarta, sai naushi ya wuce ta gefen kunnena ƙwallo ta tafi wajen motoci. Na faɗi a tsakuwa, ya ɗaga ni ya kakkaɓe mini baya ya ce, "Yi haƙuri, shugul ne, aiki aka ba ni." A can ɗaya gefen kuwa dogon yana ta ci, har muka daina ƙirgawa.

Bayan mako uku a haka injiniya ya sa ni a mota muka je ƙofar kamfaninsu. Muka tarar da Yaya a kujerarsa yana shan shayi. Injiniya ya yi masa alkawarin sauƙin aiki, ya ce ba zai ƙara ɗaukar gilashi ba. Na fassara, har da ƙarin gishiri nawa. Yaya ya yi godiya sosai, ya ce mushe mutumin kirki ne, amma takardunsa na hannun kafili, kuma likita ya ce zama ya fi wa bayansa.

Muka kama hanyar komawa. Da muka kusa sito injiniya ya ce tunda a gaba ba na taɓa ƙwallo, ranar Juma'a in koma baya in tsare dogon.