Fifiko Huɗu, Wa'adi Sifili

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran babbar mai tsara manhaja ta ofishinmu, wadda kowa ke kira Uwar Layi, ni kuma nake kira Yaya, ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a gaban teburinta, shayinta bai ko huce ba. Aka garzaya da ita asibiti, kafin azahar rai ya yi halinsa. Ni ina can wani gari mai nisa, an tura ni haɗa na'urorin sabon sito, a waya aka sanar da ni.

Kuma Yaya, duk mutanen duniya a rasa wanda zai kira ni sai Baƙuwa, abokiyar aikinmu. Ita ta tallabe kanki a mota, ita ta laƙƙana miki kalmar shahada, ita ta rufe miki ido. Na yi kukan rashinki, na kuma yi kukan cewa ba ni ce a wurin ba, har yau ban iya raba hawayen nan biyu ba. Na san ta'aziyya ba wurin kishi ba ce. Amma ke kika raɗa mini suna Sarkin Fushi, kin san ba zan iya yi miki rubutun da babu ni a ciki ba.

A wurin zaman makoki an yi ta tambaya wai aikin me take yi. Mahaifiyarta ta ce, "Kwamfuta take bugawa, 'yar nan, kullum kwamfuta." Bari in yi bayani yadda ita take yi wa sababbin ma'aikata. Kamfaninmu magani yake rarrabawa. Na'urar sito da ta shagunan magani da ta masu motocin kai kaya ba sa magana da juna baki da baki. Akwai wata manhaja a tsakaninsu da muke kira Dillali. Kowa ya miƙa masa saƙo, sai Dillali ya jera shi a layi, ya riƙe har mai shi ya zo ya karɓa, da an karɓa kuma sai ya share. Dillali ba ya buɗe cikin saƙo. Abin da aka rubuta a kan saƙon kawai yake karantawa, kamar yadda mai raba wasiƙu ke karanta bayan ambulan. A kan saƙon akwai gurabe: inda za a kai shi, inda amsa za ta koma, fifikonsa daga sifili zuwa tara, da wa'adinsa, wato lokacin da za a jefar da shi idan ba a zo karɓa ba. In ba ka zaɓi fifiko ba, Dillali zai ba ka huɗu, rabon kowa da kowa. In kuwa ka sa sifili a gurbin wa'adi, saƙon ba shi da ranar mutuwa, yana nan yana jira ko shekara nawa za a yi. Sifilin nan Yaya tana ƙinsa ƙwarai. Takan ce, "Kada ku riƙa sa wa kowane tarkace sifili, layi ba juji ba ne."

Waɗannan 'yan gurabe su ne duniyarki, Yaya, kuma a kansu na fara jin haushinki. Ba zan manta da ranar da wani shagon magani ya bugo waya yana kururuwa ba, wai an sauke masa ruwan ƙari, irin wanda ake ɗaura wa marasa lafiya, har mota biyu alhali mota ɗaya ya nema, har ya rasa inda zai taka a shagonsa. Tun safe nake tonon cikin saƙonnin, layi bayan layi, idona har ya yi ja. Kika zo wucewa da kofinki, kika ɗan ranƙwafo ta kafaɗata, kika sa yatsa a kan wani ƙaramin gurbi da ke cewa an taɓa miƙa saƙon nan sau ɗaya. Na'urar sito ta karɓa ba ta ce ta karɓa ba, Dillali ya sake miƙa mata, ita kuma ba ta duba alamar ba ta sake loda kaya. Kika ce, "Ki karanta kan saƙo duka, Sarkin Fushi," kika wuce abinki kina hura shayi. Manaja ya yi ta yabonki a taro, ni ma na tafa tare da kowa. Allah ya sani tafin nan da ƙyar hannuna ya yarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ki taɓa ba ni dalilin ƙin ki ba. Da mai girman kai ce ke, da na huta. Lokacin da na rubuta wa saƙonnin gaggawa fifiko tara a jikin saƙon, na manta cewa a manhajar da ke aika saƙon ake saita shi, Dillali ya goge tarata ya mayar da huɗu, buƙatar allurar masu ciwon suga ta tsaya a bayan odar audugar rauni. Ke kika fara gani. Kika jawo kujera kusa da ni, muka gyara tare kafin motar rana ta tashi. Da Manaja ya tambayi wa ya yi wannan ɗanyen aiki, kika ce, "Tarkon nan ya kama kowa a ɗakin nan, ni ya fara kamawa." Lokacin da ɗana ya karye a makaranta kuwa, ke kika kwashi aikina kika haɗa da naki, kina tashi kuma ki biyo ta asibiti da lemo a leda, ki zauna kina yi masa wasan zana mota a jikin filasta. Har yau yaron nan yana cewa Umman ofis ta fi ni iya zane. A nan ma kin ƙwace mini.

Duk da haka na ɗauka ni ce taki. Teburinmu na manne da juna, abin saƙale mayafi ɗaya muke amfani da shi a bayan ƙofa, in kika yi tari ni nake miƙa ruwa. Sai aka turo mana wata daga wani reshe, mai magana ƙasa-ƙasa, mai yawan cewa "don Allah". Ni na sa mata suna Baƙuwa, da nufin ta gane ba zama ta zo yi ba. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar har rana ta take ba ta bushe ba. Sunan ya bi ta shekara da shekaru, ita kuma ta bi ki. Kika matsar da tukunyar furenki don teburinta ya samu wuri a ɗaya gefenki.

Akwai wata al'ada taki da duk wanda ya yi aiki a ɗakinmu ya sani. Kowace safiya kafin ki taɓa komai, sai kin aika wa kowannenmu ɗan saƙon gwaji ta hannun Dillali, zuwa layinsa na kansa, don ki tabbatar hanya a buɗe take. Cikinsa ba komai sai "Ina kwana" da sunan tsokanar mutum. Mu karɓa, mu mayar da amsa ta gurbin da kika nuna. Kin ce mana kina sa musu wa'adi zuwa azahar, don kada gaisuwar jiya ta kwana tana tare hanya. Wata safiya na je aron caja a teburin Baƙuwa, idona ya faɗa kan allonta. Gaisuwarta na buɗe, fifiko tara. Na koma wurina na buɗe tawa, fifiko huɗu.

Wanda ba ɗan sana'ar nan ba zai yi dariya, kuma da gaskiyarsa. Layin da babu kowa a kai, tara da huɗu duk lokaci ɗaya suke isa. Amma ni na san huɗu ita ake samu in ba a zaɓa ba, tara kuwa sai an sa hannu da niyya. Hausawa suka ce kishi kumallon mata, to nawa ranar ya motsa bai sake kwanciya ba. Kullum na buɗe gaisuwarki, gurbin nan ɗaya idona ke zuwa, in ga huɗuna, in karɓa, in amsa "lafiya lau" a taƙaice. Sau ɗaya na kasa haƙuri, muna wanke kofuna a ɗan kicin ɗin ofis, na ce, "Yaya, wai ni huɗu ce darajata?" Kika yi dariya har kika dafa bango, kika ce, "Sarkin Fushi, sau nawa zan faɗa miki? Ki karanta kan saƙo duka." Na ɗauka tsokana ce irin taki, na ɗauraye kofina na fita.

Da na iso gidanki an riga an kai ki makwancinki. Tsakar gida cike da mutane, kowa da labarin alherin da kika yi masa, kowa yana magana kamar shi ne na hannun damanki. Direban da kika koya wa duba odarsa a waya, mai shara da kika kai matarsa asibiti, mai shagon nan na ruwan ƙari mota biyu. Ina zaune ina ji, raina yana cewa ashe haka kika yi ta rabon kanki, ni ina zaton rumbun nawa ne. 'Yar autarki ta kwanta a cinyar Baƙuwa tana kuka, tana kiran ta Anti. Da za mu tafi, maigidanki ya ce kofinki da ke ofis a bar wa wadda ta riƙe ki a ƙarshe. Na ce Allah ya jiƙan ki, na sa takalmina.

Da na koma aiki ban buɗe layina ba. A sabon siton da aka tura ni ba a kai ga haɗa hanya ba, don haka duk kwanakin nan ban karɓi gaisuwarki ko ɗaya ba, kuma na san kowacce ta mutu da azahar ɗin ranarta. Ban ga amfanin buɗe ƙofar ɗakin da na san babu kowa a ciki ba. Sai Manaja ya sa Baƙuwa ta rufe layukan gwajinki. Can da yamma ta zo ta tsaya a kaina, idonta ya kumbura, ta ce, "Don Allah zo ki ga wani abu. Na kowa fanko ne, naki ne kawai ban iya taɓawa ba."

Suna nan a jere, Yaya. Gaisuwar kowace safiya tun ranar da na tafi, har ta safiyar Talatar nan. Na leƙa kansu ba tare da na karɓa ba. Fifiko huɗu, kamar kullum. Ƙasa da shi kaɗan, gurbin da ban taɓa kai idona ba duk tsawon shekarun nan: wa'adi, sifili. Ke da kike cewa layi ba juji ba ne.

Baƙuwa ta ce ta taɓa tambayarki dalilin tara ɗinta. Wai kika ce mata, "Ke baƙuwa ce, in ba a yi saurin gaishe ki ba sai ki ɗauka ba a son ki. Waccan kuwa ko ta yi shekara tana kumbura fuska, na san za ta dawo. To in ta dawo ta tarar da abinta yana jira." Ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Ni tawa ta ranar Talata na karɓe ta da safe, ta tafi. Ke kina da ita har yanzu." Yadda ta kalli allon nan na gane kallon, domin ni ma na daɗe ina yin irinsa. Na matsa mata gefen kujerata, muka zauna muna duban abu ɗaya.

Kada ki ɗauka na warke, Yaya. Har yanzu in na ga kofinki a teburinta sai na kawar da kai, kuma har yanzu ina ganin da kin haɗa mini tara da sifilin duka, babu abin da zai ragu a jikinki. Za mu yi wannan shari'ar in Allah ya haɗa mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, wadda ta haifi abin da ba ta san girmansa a wurinmu ba, da maigidanki, da 'ya'yanki, da dukkan dangi. Ina yi wa mutanen ɗakinmu ta'aziyya, da direbobi da masu sito, da Baƙuwa, wadda Allah ya zaɓa ta tsaya inda na so in tsaya. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya abin da kika bari, ya sa duk ƙwayar maganin da ta isa hannun mara lafiya ta hanyar da kika shimfiɗa ta zame miki ladan da ba ya yankewa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Na roƙi Manaja ya bar mini layin nan, ya yarda. Kowace safiya ina leƙa ta ƙarshen, in ga "Ina kwana, Sarkin Fushi." Ban amsa ba, Yaya, ki yi haƙuri. Ba fushi nake yi ba wannan karon. In na karɓa, Dillali zai share.