Tabon da Na Yi wa Libarbar Kaka

Har yau in na ji warin man keken ɗinki, sai zauren kakanmu na cikin birnin Zariya ya faɗo mini, in ji wani tsohon miki ya dawo sabo. Kishi ne, ba zan ɓoye muku ba.

Kaka ya yi aikin gyaran bindigogin 'yan sanda har ya tsufa. Da zai bar aiki aka ba shi wata tsohuwar libarba da aka toshe bakinta da dalma, ba ta harbi. Baƙa ce wuluk, ƙotarta ta katako ta sha hannu har ta yi santsi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa tsumma, ya kwance ta, ya shafa mata man keken ɗinki. Ni ne babban jikansa, amma ƙanwata yake kira, wai yatsunta sun saba da allurar ɗinkin hula, ba sa rawa. Ni kuwa sai kallo da haɗiyar yawu.

Wata rana da damina kawunmu ɗan sanda ya zo gaisuwa da sabuwar libarba a ƙugu. Ya zazzage harsasan, ya miƙa wa Kaka. Fara ce fat, ƙotarta ta roba, ba nauyi. Kaka ya juya gidan harsashin nan mai ramuka shida, ya girgiza ta, ya taɓe baki. Ya ce wannan a inji aka zuba ƙarfenta, tasa kuwa mutum ne ya zauna ya goge kowane ƙarfe har ya zauna daram da ɗan'uwansa. Sai ya kara wa ƙanwata su a kunne ɗaya bayan ɗaya.

"Amarya, me kika ji?"

"Ta Kawu tana kaɗawa a ciki. Taka shiru, sai ƙas guda."

Kaka ya yi dariya, ya ce ranar da ba shi, ƙanwata za a ba tasa. Ni ma na kasa kunne, ban ji komai ba. Abin da na gani shi ne ta Kawu tana ƙyalli, ta Kaka ta yi baƙi kamar gindin tukunya. To ai maganin gindin tukunya na san shi.

Washegari da Kaka ya tafi jana'iza na ɗauko libarbarsa daga adakar da yake ajiye ta, na zaga bayan rijiya da toka da yashi. Na dirje gefe guda har farin ƙarfe ya fito. Na zauna a zaure ina jiran a ce ni ne magaji.

Da Kaka ya dawo ya ɗauke ta, ya shafa gefen da na goge.

"Wa ya tuɓe mata riga?"

Ashe baƙin nan da wuta aka yi mata shi tun a maƙera don ya tsare ta daga tsatsa, kuma ba mai iya mayar da shi a garin. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Makullin adakar kawai ya sa wa zare, ya rataya wa ƙanwata a wuya. Kafin damina ta fita, wurin da na goge ya yi ja.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya. Libarbar tana unguwar Tukur-Tukur, a gidan ƙanwata, mu biyun duk mun yi furfura. In na je takan ɗauko ta, ta juya mini a kunne, in gyaɗa kai kamar na ji. Shekarun nan duka ko'ina a jikinta lafiya lau, in ban da wuri guda. Da ruwan farko ya sauka bana ta kira ni a waya tana dariya.

"Yaya, wurinka ya fara. Zo ka sa masa mai."

Na je. Iyakar rabona ke nan a cikinta.